Ɗaurin Wayar Malam Isufu

Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana suna zuwa lakwal, wato makarantar boko, kuma su ba su yi wa kowa laifi ba. Amma ku samari masu sha'awar aikin lantarki da na'urori, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da kuke nema yau ido rufe, ni na taɓa riƙe shi, kuma da hannuna na sake shi.

A Madarumfa aka haife ni. Mahaifina masunci ne, da rani kuma yana taɓa noman lambu a bakin tabki. Ni dai kifi bai taɓa sona ba, ni ma ban so shi ba. Abin da ke raina shi ne in buɗe cikin abu in ga yadda yake aiki. Rediyon babana ce ta fara shan wahalata. Na kwance ta tsaf, mayarwa ta gagara, na sha bulala. Da gari ya waye ya kama hannuna sai shagon Malam Isufu mai gyaran rediyo, nan kusa da tasha. Ya ce, "Malam, ga shi nan. Tunda ɓanna ya iya, koya mishi gyara."

Ban taɓa ganin mutum mai girmama aikinsa kamar Malam Isufu ba. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, idan ya kara rediyo a kunne sai ka ce likita ne ke sauraron ƙirjin jariri. Daga Gabi, daga Ɗan Issa, har daga tsallaken iyaka ake kawo masa rediyo da rakoda da talabijin. Abin da ba zai gyaru ba, a gaban mai shi zai ce ba zai gyaru ba, ko da kuwa ranar bai yi ciniki ba. Ina ƙaunar mutumin nan, kuma ina jin tsoronsa.

Yana da wata ƙa'ida da ta ishe mu, ni da Lawali abokin koyona. A shagonsa ba a barin bakin waya tsirara. Sai ka murɗe ta, ka lanƙwaso ta baya, ka naɗe da baƙin salatif a karkace, sannan ka ninke ƙarshen salatif ɗin ya yi ɗan kunne. Idan ka manta kunnen, sai ka kwance ka sake. Na taɓa ce masa wa zai leƙa cikin rediyo ya ga wani kunne. Ya ce, "Wanda za shi gyara bayanka. Bar mishi wurin kamawa, kak ka sa shi zage ka ba ka nan." Muka yi ta yi muna gunaguni har hannu ya saba, ya zama ko tunani ba ma yi.

Na fi Lawali saurin hannu, kowa ya sani, ni ma na sani, kuma wannan sanin ne ya fara cutata. Lokacin da aka karya darajar kuɗinmu na sefa kayan gyara suka yi tsada. Wani dillali a Ɗan Issa ya ce mini duk wani ƙaramin abu mai kyau da na samu daga cikin rediyo, in kawo masa. Na fara da rediyoyin da masu su suka yi watsi da su. Daga nan sai na koma cire mai kyau daga ta mutane ina sa mai arha. Rediyo ta yi magana, mai ita ya tafi yana godiya, bayan wata biyu ta sake shiru. Na sayi takalmi, na sayi agogo, na fara jin cewa Malam Isufu mutumin kirki ne amma bai waye ba.

Ana haka sai wani proje, wato shirin raya karkara, ya zo yana kafa fanfunan ruwa masu aiki da hasken rana a ƙauyuka. Suna neman matasan da za su horar su riƙa kula da farantan sola da injinan. Ba takardar lakwal suka tambaya ba, shedar maigida suka tambaya, kuma a duk yankinmu shagon Malam Isufu kaɗai suka amince wa. Ya ba da sunana da na Lawali. Suka ce masa duk shekara za su riƙa ɗaukar yaransa.

Ku da kuka tashi da waya a aljihu ba za ku gane abin da wannan aiki yake ba a lokacin. An kai mu Maradi an koya mana, an ba mu kakin aiki da akwatin kayan aiki da babur, ga albashi duk ƙarshen wata, idan ka yi ciwo a kai ka likita. A ofishinsu na fara ganin ordinata, wato kwamfuta, da idona. Idan muka shiga ƙauye sai maigari ya miƙe ya ba mu hannu, mu da jiya ake aikenmu sayen goro. Ranar da za mu fara, Malam Isufu ya ce mana, "Rediyo ƙohwa ce kawai, abin da ke tahe ya hi ta. Amma ku sani ba da sunanku za ku shiga garuruwan mutane ba, da nawa za ku shiga."

Lawali ya ji. Ni kunnena yana wajen dillali, wanda ya ce farantan sola suna da kasuwa a tsallake, kuma shi zai kawo mota.

Na zaɓi wani ƙauye bayan Gabi da ba ya cikin yankin aikina, inda ba a san fuskata ba. Lokacin girbin hatsi ne, da rana tsaka, kowa yana gona. A bakin fanfo wata tsohuwa kaɗai na tarar, idonta ya yi rauni, tana jiran tulunta ya cika. Ta tambaye ni lafiya. Na ce farantan za a kai gyara. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Tun da kunka kawo muna ruwan ga, hannuwana sunka warke daga igiya." Na ce amin. Wallahi na ce amin. Na kwance farantan a natse, muka loda, muka wuce.

Ruwa ya tsaya. Mata suka koma tsohuwar rijiya mai zurfi da suka riga suka yi bankwana da ita. Jandarmomi suka zo, kuma da yake tsohuwa ba ta iya kwatanta kowa ba, sai aka kira Malam Isufu ya duba ko zai gane wani abu. Lawali ya ba ni labarin daga baya. Ya ce Malam ya tsuguna gaban wayoyin, ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ɓarawo da adda yake sare waya ya gudu. Waɗannan kuwa an murɗe su, an lanƙwasa, an naɗe a karkace, kowace da ɗan kunnenta. Ni ban ma san na yi ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Ba wanda ya lura sai shi. Da a ce ya miƙe ya ce bai ga komai ba, da an wuce wurin. Sai ya dubi jandarmomi ya ce, "Wanga ɗaurin shagona na. Cikin masu aikin ga, yara biyu na koya ma shi. Guda ga shi nan tsaye, kuma ran nan tare muke da shi."

An kama ni a Ɗan Issa, dillali kuwa ya tsallake. Alƙali ya yanke mini shekaru, aka kai ni gidan kaso. Zafi da kwarkwata da tuwon da ba ya isa duk na jure su. Abin da ya hana ni sakat shi ne labarin da Lawali ya kawo mini: proje sun daina ɗaukar yaran Malam Isufu. Ƙannen da ke bayanmu a shago, waɗanda ba su saci ko allura ba, ƙofa ta rufe musu, wasu suka watse cirani. Sunan da ya yi shekara da shekaru yana ginawa, a wuni ɗaya na zubar masa.

Da na fito, Lawali ya zama babba a aikin, har ana tura shi Yamai ƙaro ilimin ordinata. Shi ya haɗa sababbin farantai a wancan ƙauyen. Na je neman gafarar tsohuwa, aka nuna mini kabarinta.

Sai na tafi shago. Malam Isufu ya tsufa, idonsa ya ja baya, kantocin da a da suke cike da rediyo rabinsu wayam. Na durƙusa na ce, "Baba, mi ya sa ba ka yi shiru ba? Da sunanka bai ɓaci ba." Ya ce, "Da na yi shiru, ai ranar ce za shi ɓaci." Sannan ya miƙo mini waya biyu ya ce in haɗa. Na haɗa. Ya shafa da yatsa har ya taɓo kunnen. Ya ce in ɗauko benci in zauna bakin ƙofa, akwai rakoda tana jira. A nan na yi aiki har ya rasu, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba. Proje dai ba su sake dawowa ba.

Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon ya kai ladan sauran aikina ga mutumin nan. Ku kuma ƙannena, aikin na'ura aiki ne mai kyau, yana da gaba, ku riƙe shi da hannu biyu. Kada ku fara da cire ɗan ƙaramin abu daga rediyon mutum kuna cewa ba wanda zai leƙa ciki. Kuma duk wanda ya koya muku sana'a ya ce a yarda da ku, ku tuna sunansa kuke yawo da shi. Ni an sallame ni daga kaso na dawo gida. Sunan Malam Isufu, har muka kai shi makwancinsa, ban iya mayar masa da shi ba.