Giyar Ifediora a Zafin Bazara

Ni ban taɓa kai giya bakina ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Amma bango ɗaya ya raba ɗakina da na Ifediora a Gabukka, kuma abin da ido ya gani baki ba ya musu.

Ifediora mai gyaran janareta ne, gajere, mai taurin kai kamar jakin da ya ga gada. Yana saurayi ya yi aiki a wani kamfanin giya a kudu, kamfanin ya rushe, ya tattaro ya zo Gombe. A nan ya yi aure, a nan matarsa Eucharia ta haifi 'yarsu ɗaya tilo, Oluomachi, yarinyar da Hausa ta fi zama a bakinta fiye da Ibo.

Da aurenta ya tashi, yayansa Bernard ya bugo waya daga ƙauye. A kawo biki gida, in ji shi, don 'yar da ta tashi a Arewa sai an wanke ta a idon dangi. Ya ƙara da cewa a Gombe ko abin da za a zuba wa amarya a ƙoƙo babu. A al'adarsu uba ke miƙa wa 'yarsa ƙoƙon abin sha, ta ratsa taro ta kai wa mijin da ta zaɓa. Ba ƙoƙo, ba aure.

Ifediora ya ce a tsakar gidan nan za a yi, kuma abin da zai shiga ƙoƙon shi zai dafa da hannunsa, irin garai-garai ɗin nan ta kwalba. Matsalar ita ce wannan giya sai da sanyi take nuna, ga biki a lokacin Ista, tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama.

Tukunyar farko ta yi tsami, Eucharia ta kwarara ta a kwata tana mita. Ta biyu sai ya toshe bakin jarka, ya ɗaura igiya ya zura ta cikin rijiyar gidanmu, wai can ƙasa akwai sanyi. Da na zo ɗiban ruwan alwala guga ya ci karo da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Oga Ife, da ruwan nan muke salla fa!"

"A rufe take, Malam Inuwa, ko ɗigo ba ya fita."

"Ko da dalma ka liƙe ta, fito da ita."

Ya tsaya yana huci, na ɗauka faɗa za mu yi. Sai ya jawo igiyarsa, ya ce, "Ka yi gaskiya, ruwanka ne kai ma. Amma ban fasa ba."

Washegari ya sayo randa mafi girma a kasuwa, ya zaunar da jarkar a ciki, ya cika gefen da yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Dabarar da iyayenmu mata ke sanyaya ruwa ke nan, shi ya mayar da ita ga abin da ba su taɓa zato ba. Yashin kuwa sha yake kamar raƙumi. Rijiya ta ja baya, sai mutumin nan ya koma zuba wa randa ruwan wankansa, shi ya goge jiki da tsumma. Eucharia ta ce ta auri mutum ta wayi gari da bunsuru. Na yi dariya, amma tausayinsa ya kama ni, don na san ba giyar ce ke hana shi sukuni ba.

Ranar biki Bernard ya iso da jar hula da sanda, yana fifita da hankici yana duban gidan a wulaƙance. A matsayinsa na babba shi aka fara zuba wa. Ya ɗaga kofin ya duba a rana, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya yi magana da Ibo, na kusa da ni ya fassara mini.

"Wannan ba ta yi garau ba. Har wani ƙamshin ayaba take yi. Zafi ya taɓa ta."

Oluomachi tana durƙushe gaban ubanta, ta sunkuyar da kai, don ta gane ba kofin kaɗai ake nufi ba.

Ifediora ya miƙe, ya amsa da Hausa, da gangan, don mu maƙwabta mu ji.

"Ƙwarai zafi ya taɓa ta, Yaya. A nan aka dafa ta, a nan ta nuna, ba ta ga firji ba, kuma ba ta lalace ba. Wanda bai iya sha ba ya ajiye."

Ya cika ƙoƙon har baki ya miƙa wa 'yarsa. Ta karɓa da hannu biyu. Ta tashi ta ratsa taro, ta wuce ta gaban Bernard ko kallo, ta durƙusa gaban angonta Chibuikem. Yaron ya shanye tas, ya kife ƙoƙon a ƙasa don kowa ya gani.

Ni da kofin zoɓona a hannu, sai na ji ina tafi fiye da dangin amarya.