Ranar da Baba Ya Kwance Rawaninsa a Bayan Baraji

Akwai wani yammaci da na san ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, shi kam ba zai iya ɗauke shi ba. Shi ne yammacin da mahaifiyata ta zauna a kan dutse a bayan barajin garinmu, ta ce ta fasa zuwa Makka.

Garinmu ƙarami ne a ƙasar Damargu, ta wajen Ollelewa. Barajin ma ba wani babban abu ba ne. Ƙorama ce da ke gangarowa tsakanin tudu biyu aka tare ta da ginin dutse da siminti, ruwan damina ya riƙa kwanciya a wurin har cikin rani. Ƙafafun mutane da na dabbobi sun yi masa turba ta kewaye, shimfiɗaɗɗiya mai daɗin bi, ba hawa ba gangara sai can ta baya inda take ɗan haurawa cikin duwatsu. Ta gefen gari lambunan mata ne, salati da albasa da tumatir. Ta ƙetare kuwa mashayar makiyaya ce, Fulani da Bugaje.

A shekarar ina koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon garin, ina zaune a gidanmu tunda maigidana yana aiki a Damagaram. Sai yayanmu da ke fatauci a Agadas ya aiko cewa ya biya wa Inna kujerar hajji. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba saboda murna. Amma akwai matsala guda, gwiwarta ta dama. Ta daɗe tana damunta, har salla a zaune take yi wani lokaci. Da na kai ta asibitin Tanut, lokotoro ya lallatsa gwiwar ya ce, "Inna, aikin hajji aikin ƙafa ne. In kina so ki yi shi a tsaye, sai ki fara tafiya tun yanzu, kullum, kaɗan kaɗan. In ba haka ba akwai keke, sai a tura ki."

Sai da muka shiga mota ta juyo ta ce mini, "Ban yi jiran shekarun nan ba don a tura ni kamar buhun hatsi a amalanke."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar, in na dawo daga lakwal, mu nufi baraji. Lokacin kaka ya wuce, ruwa na nan cike, iska ta yi sanyi. Da farko iyakarmu ƙarshen lambuna mu juyo. Daga baya muka kai wata aduwa da ke tsaye ita kaɗai a bakin ruwa. Inna ta zauna a gindinta ta huta, tana kallon balbelu suna bin shanu, tana ba ni labarin yadda wurin yake kafin a yi ginin, lokacin da suke tafiya mai nisa da jakuna neman ruwa.

Sai dai a garinmu ba a saba ganin mutum yana tafiya don tafiya kawai ba. Wanda ya fita, ko dai gona zai je, ko kasuwa, ko gaisuwa. Ba a jima ba magana ta zagaya cewa tsohuwa ta fara ɗawafin baraji tun kafin ta ga Ka'aba. Inna ta yi dariya da ta ji, amma na lura daga ranar ta fara tsintar 'yan ƙirare a hanya tana ɗaurewa, wai don a ce itace ta je nema.

Wanda abin ya fi damu shi ne Baba. Shi ya yi nasa hajjin tun ina goye, kuma mutum ne mai kiyaye girmansa ƙwarai. Ban taɓa ganinsa a waje ba rawani ba. Ban taɓa jin ya kira sunan Inna ba, "ke" ne kawai, ita kuma "Alhaji". In za su je biki ko ta'aziyya gari guda, shi ya tafi da safe, ita ta bi da hantsi. Wata rana muna shirin fita ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Mace da jikoki tana yawon bakin ruwa, ba tulu ba guga. A tsakar gida ba a tafiya ne?"

Inna ta ce, "Tsakar gidan, takun ƙafa nawa ce, Alhaji?"

Daga nan muka fita. A raina na ji haushinsa. Ni a lokacin gani nake irin auren iyayenmu haƙuri ne kawai da sabo, mutum biyu da aka haɗa suka zauna, ba wani abu a tsakani.

Ranar da nake ba da labari, Inna ce da kanta ta ce yau za ta kewaye barajin gaba ɗaya. Na ce mu ƙara ɗan lokaci, ta ce lokacin ba jiranmu yake ba. Muka wuce lambuna, muka wuce aduwa, muka zaga ta inda ƙorama ke shigowa, duk lafiya lau, har tana ɗan rera waƙar bege a ƙasan maƙoshi. Da muka iso hawan nan na cikin duwatsu, ta ɗora ƙafar dama a kan wani dutse, sai na ji ta ce "wash" a hankali, ta riƙe hannuna da ƙarfi. Na zaunar da ita. Kafin mu ankara gwiwar ta fara kumbura.

Muna daidai wuri mafi nisa da gari. Komawa da ci gaba duk ɗaya ne. Na duba waya, ba rezo, kira ba zai shiga ba. Rana ta fara ja, ni kuma ba zan iya goya ta ba. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta koma ta zauna. Sai na ga ta kwance 'yan ƙiraren da ta tsinta ta watsar, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"In mun koma ki kira yayanki," in ji ta. "Ki ce masa ya ba gwaggonku kujerar. Ita ƙafarta lafiya."

"Haba Inna, targaɗe ne kawai."

"Ba targaɗe ba ne, tsufa ne. Wanda ya kasa kewaye ruwan garinsu, ina shi ina Safa da Marwa? Allah ya ga niyyata."

Muryarta ba ta rawa, amma ina ganin mayafin yana jiƙewa. Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba in ba mutuwa aka yi ba. Wani Buzu dattijo da ke shayar da raƙumansa a ƙasa ya hango mu, ya hauro da jakinsa, ya gaishe mu, ya ce a ɗora ta ya kai ta gida. Na ji sanyi a raina, har na fara yi masa godiya.

Sai muka ji gyaran murya daga bayanmu. Baba ne, da sandarsa, yana haurowa cikin duwatsun a hankali.

"Alhaji, me ya kawo ka nan?" Inna ta tambaya, tana saurin goge fuska.

"Lambun wani na zo dubawa," ya ce. A wannan gefen kuwa babu lambu ko ɗaya.

Ya gaisa da Buzun, ya yi masa godiya, sannan ya dubi Inna ya ce, "Ke, kina son jakin?"

Ta kau da kai daga jakin, tana kallon ƙasa. Sai ya ce wa mutumin, "Allah ya saka da alheri. Ka ɗan biyo mu da shi a baya, ko za a buƙata."

Daga nan ya miƙo mini sandarsa, ya durƙusa a gabanta. Ya sa hannu ya fara warware rawaninsa, a nan fili, gaban baƙo da makiyayan da ke ƙasa suna kallo. Kansa ya bayyana, fari fat, ya yi ƙanƙanta a idona. Inna ta ce, "Alhaji, mutane fa." Ya ce, "Miƙo ƙafar." Ya naɗe gwiwar da rawanin, ya ja ya ɗaure tamau, irin ɗaurin da yake yi wa ƙafar bijimi in ta goce. Yana ɗaurin yana magana, kansa a sunkuye, kamar da gwiwar yake yi.

"Shekarar da na tafi Makka, ke kika nome gonar tudu, da goyo a bayanki. Na dawo na tarar da rumbu cike, aka yi ta ce mini Alhaji, Alhaji. Ke ba wanda ya ce miki komai. Ni ma ban ce ba." Ya gama ƙulli, ya dafa ƙasa ya miƙe. "Kujerar nan taki ce. Ba gwaggon kowa da za a ba. Tashi ki dafa nan."

Ya juya mata kafaɗarsa. Inna ta dube ni, kunya ta kama ta kamar amarya, ni ma na kau da kai ina kallon ruwa. Da na waiwayo, hannunta na kan kafaɗarsa, ta miƙe.

Tafiyar da muka yi daga nan ba ta da sauri ko kaɗan. Su biyu a gaba, ni a baya da sanda, Buzu da jakinsa a bayana. In ta tsaya ya tsaya. Ina jin yana gaya mata, "A can ma haka za ki yi. Kada ki bi sawun matasa, ki kama gefe, ba mai korar ki." Muka bi ta kan ginin barajin, ruwa ya yi ja da hasken rana a hannun hagunmu, muka sauko cikin lambuna. Matan da ke ban ruwa suka miƙe tsaye da gwangwanayensu. Ba wadda ta yi dariya. Wata tsohuwa ce kawai ta ce, "Sannunku, Alhaji," ya amsa mata da kansa a buɗe kamar ba komai. Ana kiran magariba muka shiga gida, Inna a kan ƙafarta.

Washegari da na je sayen salati, mai lambun ta kira ni da sunan da ake kiran malamar lakwal, ta ce mini, "Madan, ke ba ki sani ba? Ai tun ranar da kuka fara, in kun wuce shi ma sai ya wuce. Daga nesa yake binku, in kun juyo ya ratse ta bayan tudu."

Gwiwar ta ɗauki kwanaki kafin ta saɓe. Da Inna ta koma tafiya, ba ni ce 'yar rakiya ba kuma. Bayan la'asar Baba zai tsaya a ƙofar gida ya yi gyaran murya, ita kuma ta ɗauki mayafi. Gari ya yi maganarsu ya gaji ya bari, har wasu tsofaffin suka fara fita su ma.

Inna ta je Makka. Ta yi ɗawafinta da ƙafarta, a gefe, a hankali. A Safa da Marwa ƙafar ta gaza wajen ƙarshe, ta yarda aka tura ta a keke, kuma da ta dawo ita da bakinta ta ba da labarin tana dariya. Baba ya rasu bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙansa. Har ya koma ga Allah ban ji ya kira sunanta ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne na daina auna ƙaunar mutane da abin da bakinsu ke faɗi. Na yi shekaru a gida ɗaya da mutum biyu masu son juna, ina yi musu kallon masu haƙuri da juna, don kawai ba irin son da na saba ji ana faɗa ba ne. Yanzu in ina son sanin matsayina a wurin mutum, ba na jiran kalamansa. Ina duba wanda zai durƙusa a gabana ranar da ƙafata ta gaza.