Lambar Yayana Na Ba Asibiti

A lokacin ni bazawara ce mai 'ya'ya uku, ina zaune a gidan yayana a Maska, ina matsar man gyaɗa ana kai mini kasuwar Funtua. Da idona ya yi ɗorawa, kowa ya ce shawara ce, ita kuwa ba ta son allura. Na sha jiƙon saiwar rawaya har na ƙosa. Daga baya a babban asibiti aka gano sankara ce a hanyar da ruwan matsarmama ke bi cikin hanta. Aka farke ni daga ƙirji zuwa kwiɓi, aka yanke ɓangaren da ya kamu. Wata biyu ban iya ɗaga buta ba. Ranar sallama suka nemi lambar waya, ni kuwa tawa ta lalace, na ba da ta Yaya. Wa zan yarda da shi in ba wanda muka sha nono ɗaya ba?

Bayan shekara na koma aka ɗauki hoton cikin, suka ce za su kira. Kullum na tambayi Yaya sai ya ce shiru ai lafiya ce, in daina neman ciwo da tsinke. Na yarda, na koma kan turmina. Sai da damina ta wuce, a gidan suna a Ƙarfi, na haɗu da wata baiwar Allah da muka yi kwanciya gado da gado a asibiti, ciwonmu ɗaya. Ta kama hannuna tana faɗa, wai me ya hana ni zuwa, likita har ita ya tambaya ko ta san garinmu. Ta ce nata ciwon ma ya dawo ɗan ƙarami, aka sake yi mata aiki, amma ba farkawa. Ta ja ni ɗaki ta ɗaga riga: 'yan huji huɗu, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta nan aka zura na'ura aka cire. Sati uku ta koma girkinta.

Wallahi ban san yadda na hau babur na dawo ba. Na tarar da Yaya yana sussukar masara, na tambaye shi a gaban matarsa. Bai musa ba. Ya ce sau uku suka kira, da ya ji an ambaci aiki na biyu sai ya kashe wayar, domin shi ya sa hannu a na farko, ya ga yadda aka fito da ni, ba zai sake miƙa ni ga wuƙa ba. Ko tsayawa bai yi ya ji wane irin aiki ba ne! Wata bakwai muna cin tuwo gida ɗaya, yana kallon idona.

Da na koma, likita ya daɗe yana duba sabon hoton. Ya ce abin ya yaɗu, ba na huji ba, ba na farkawa ba, sai dai ƙarin ruwa na magani. A kansa nake yanzu.

Yaya ya turo dattawa, na ce na yafe don Allah, amma har yau in ya yi sallama ƙirjina zafi yake. Na san ƙauna ce ta sa shi, to amma rai nawa ne, 'ya'yan da zan bari ma nawa ne. 'Yan'uwa mata, in an ce za a kira, kada ku zauna jira, ku taka ku je ku ji da kunnenku. Lambar da za ku bayar kuma ta zama taku, ko da wayar da roba aka ɗaure ta.