Amshin da Ya Kwance Mini Harshe

A Dauran na girma, a gidan kakata Inna Asabe, kuma tun ina ƙarama nake da in'ina mai tsanani. Kalma ɗaya sai na sare ta sau uku kafin ta fito. Yara suka mayar da ni abin kwaikwayo a bakin rijiya, ni kuwa na yi zuciya na daina magana gaba ɗaya. Mahaifiyata ta tsorata ƙwarai. Har an fara zancen kai ni wurin wani mai magani a Shinkafi, wai iska ce ta riƙe mini harshe.

Ana cikin haka, wata ranar kaka bayan magariba, muka kewaye murhu Inna na gasa mana gyaɗa. Ta jawo ƙwarya ta kife a cinyarta.

"Ga ta nan bakin ƙofa," in ji ta, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"A buɗe mata ta shigo!" yara suka amsa.

Ta ba mu labarin Ladi, wadda ƙanenta ya bi akuya ya tsallake gulbi, ruwa ya kawo a bayansa. Dodon gulbin ba ya barin kowa ya wuce sai an amsa masa waƙa, kuma dole ƙarshen amsar ya faɗa inda nasa ya faɗa. Wani mafarauci ya zo, Dodo ya rera, "Wa ke tafe bakin gulbina?" Ya ce, "Ni ne, ba ni hanya!" Ruwa ya tafi da shi. Ladi kuwa ta kasa kunne, ta rera, "Ni ce Ladi, biɗar ƙanena." Gulbina, ƙanena: baki ya zo ɗaya. Saura amshin da zai janye ruwa: "Ruwa ja baya, ja baya, ja baya."

Nan Inna ta tsaya ta dube ni.

"Amshin ga mutum guda ka yin shi. Hadiza, ke za ki yi. In kin ƙiya Ladi ta nutse, ba ruwana."

Ta ci gaba da buga ƙwaryar a hankali, bugu bayan bugu. "Bi ƙwarya, ɗiyata, kar ki bi bakinki."

Tausayin Ladi ya kama ni. Na ɗora muryata a kan bugun, sai ga amshin ya fito sumul, ko tuntuɓe babu. Na sake, na kuma sake. Mahaifiyata da ke wanke-wanke ta saki kwano a ƙasa.

"Inna, kin ji?"

"Na jiya. Harshenta lahiya lau, gaugawa ce ta yi mai yawa. Babu inda za a kai ta."

Mahaifiyata ta zauna daɓas, tana dariya tana share ido da bakin zane. Ladi ta tsallake, ta dawo da ƙanenta da akuyar.

In'inar ba ta rabu da ni ɗungum ba, har yau takan kama ni idan na fusata. Amma yanzu Hausa nake koyarwa a Ƙauran Namoda, ina tsayawa gaban aji ina feɗe waƙa: ga amsa-amo, ga kari, ga maimaitawa. Sai da na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibai cewa maimaita kalma ado ne a waƙa, sannan na gane dabarar tsohuwar nan. Abin da ake yi mini dariya a kansa, shi ta ɗauka ta ajiye a wurin da ake tafa masa.