Kujeru Biyu Masu Kallon Taga

Kafin mai shara ya gama da harabar coci, Sista ta riga ta iso tana jan ƙafarta mai ciwo. Ɗakinta yana bayan ofishin Fasto, inda a da ake jibge karyayyun benci. Takan buɗe taga, ta goge kujeru biyu, ta jera su kafaɗa da kafaɗa suna kallon waje. Wanda duk ya juya su da sunan gyara, sai ya sha faɗa.

"Wanda kunya ta cika wa ciki ba ya iya magana ana zuba masa ido," in ji ta. "A bar shi ya gaya wa taga, ni sai in tsinta."

Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin ƙwaƙwalwa har ta yi ritaya, sannan ta roƙi wannan ɗaki. Ba ta buɗe zama da addu'a, abin da ya jawo mata tsegumi a zumuntar matan coci. Tambayarta ta farko ita ce, "Yaushe rabonka da barci?" Addu'a sai a ƙarshe, bayan mutum ya sauke abin da za a kai gaban Ubangiji.

An raine mu a kan cewa mai bi na gaske ba ya daɗewa cikin baƙin ciki. Wa ya auna, oho. Mu dai da muka tsufa a kan bencin nan mun raka waɗanda wannan magana ta kai kabari. Ƙanin Sista yana cikinsu: tana budurwa aka ɗaure shi, aka ɗora masa azumi, aka ce aljani ne.

Shugaban mawaƙa ya kusa bin sahu. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririyar ta bi ta. Ya ci gaba da ɗaga hannu yana ba da waƙa, ana ta yaba ƙarfin bangaskiyarsa, yana ta ramewa. Sista ce ta tare shi a ƙofa.

"Ɗana, zo ka taya ni kallon taga."

Zama bayan zama bai ce uffan ba, ita ma ba ta cika shirun da aya ba. Ranar da ya buɗe baki, tagar ya gaya wa cewa ya riga ya rabar da kayansa, ba ya nufin ya ga wata Lahadi. Ba ta yi salati ba, ba ta yi masa wa'azi ba.

"Na ji. Kira mini yayanka. Yau ba ka kwana kai kaɗai, gobe kuma ni da kai sai wurin likita."

Ya fara shan magani, barci ya dawo. Sai aka yi taron farkawa, baƙon mai wa'azi ya ce duk mai bangaskiya ya jefar da ƙwayoyin maganinsa gaban bagade. Idanu suka koma kan shugaban mawaƙa. Ya tashi ya jefa kwalbar maganinsa, coci ya ɗauki tafi. Cikin tafin nan Sista ta taho da ɗingishinta, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki kwalbar.

"Haba Sista," in ji wani dattijon coci, "kina tsoma hannu a aikin Ruhu!"

"Baba, cire tabaran da ke hancinka ka jefa nan, ni ma sai in ajiye wannan."

Dattijo ya gyara zaman tabaransa. Ita kuwa ta danƙa wa mai magani maganinsa, ta riƙe hannunsa har aka tashi. An daɗe wasu ba sa gaishe ta.

Sista, ke ce mai kunnen marasa murya. Ke kika nuna mana cewa wanda ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi, kuma bai yi kuskure a ɗaya ba. Sai ga shi kunnen ne ya gaji. Tun bara magana take kuɓuce miki. 'Yarki ta ce ki juya kujerun, ki riƙa karanta leɓen mutane. Kika ce, "Ba don ni aka jera su ba." Kika gwammace ki miƙa makulli.

Lahadin da aka yi mata sallama, shugaban mawaƙa ya ba da waƙar da bai iya taɓawa ba tun jana'izar matarsa. Muryarsa ta karye a tsakiya, ya ci gaba. Sista ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da ya zo ya durƙusa gabanta, sai ta ɗaga murya yadda masu nauyin kunne kan yi, har na bencin baya suka ji:

"Kana barci kuwa?"

Ya gyaɗa kai yana hawaye.

Mun gode, Sista. Allah ya huta gajiyarki. Ku kuma da kuka yi tafi ranar taron farkawar nan, da mu da muka yi shiru, an fara maganar mayar da benci cikin ɗakin. Kujerun suna nan yadda ta bar su. Wani ya je ya zauna a ɗaya, ya kame bakinsa, ya kalli taga.