Tarar da ba ta faɗuwa ba

Ranar mu biyar ne a tsakar gidanmu na Kurudu: ni, da ɗana mai shagon kayan gini, da matarsa, da jikata, sai maƙwabciyarmu Bayarabiya da ta shigo aron turmi ta ƙi tafiya.

Jikar tawa makarantar Turawa take yi a cikin gari, kyauta suka ɗauke ta saboda ƙwaƙwalwa. Amma da sharaɗi: in babbar jarrabawar nan da ake aiko wa daga ƙasar waje ba ta yi kyau ba, kujerarta ta zama ta wani. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san gadi. Tun da aka shiga shekarar na hana a aike ta ko sayen gishiri. Wayarta a ƙullin zanina take kwana. Har suna ta sa mini, wai Hular Kwano, irin ta soja, ina ji.

Da hantsi sakamako ya fito. Ta duba waya, ta ce, "Kaka, lissafi tara. Kimiyya ma tara."

Tara na san ta. Ita ubanta ya kawo mini a lissafi a zamaninsa, sai da ya sake zama. A jarrabawarmu ta nan ɗaya ce sarauniya, tara kuwa faɗuwa ce ƙasa warwas.

Na ce, "Innalillahi. Duk gadin nan?"

Uwarta ta fashe da kuka. Maƙwabciya ta dafa ta, tana cewa da gurguwar Hausarta, "Sori, kai haƙuri." Yarinya kuwa dariya take, har da riƙe ciki. Na ɗaga mata murya, "Ke, rashin kunyar har ta kai nan?"

"Kaka, su Turawa daga sama suke farawa! Tara ce ƙarshen maki, babu ta sama da ita."

Ban yarda ba sai da ubanta ya kira malamarsu, ya sa wayar a fili. Na ji Turanci da dariya, ya ce mini, "Inna, gaskiyarta. An bar mata kujerarta."

Na dube shi. "To ka ji. Taranka daban, tarar 'yarka daban."

"Haba Inna, a gaban yara?"

Na kwance bakin zani na rangaɗa guɗa, abin da na daɗe ban yi ba.

Washegari da sassafe na jiƙa wake, na soya ƙosai da kaina, na aika kowane gida a layinmu guda tara-tara. Wanda ya tambayi dalili, na ce ya zo jikata ta yi masa bayani.