Littafin Kakar Baturen Jamus

Ku da kuka fara aiki a zangon nan na Maska bana, ku ji wannan. Har yau ranar da na shanya littattafan Bature ba ta fita raina ba.

Daminar bara waccan ce. Fatake suka sauka daga Katsina za su Zazzau, a cikinsu har da Bature, ya ce sunan ƙasarsu Jamus. Ruwa ya jiƙa masa akwati. Inna Dije, matar fatoma, wato mai masaukin baƙi, ta ɗora mini shanyar. Ƙa'idarta ita ce a ɗora a kan gadon kara saboda gara, a buɗe, a danne da dutse, a riƙa juyawa, kada a tafi a bar wa awaki.

Ina juyawa, ɗan nan nawa yana goye a bayana, jikinsa kamar garwashi. Ɗan fari ne, kun san ba a faɗin sunansa, ba a nuna an damu. Sai dai hannuna ya yi ta komawa baya yana taɓa ƙafarsa.

Inna ta lura. Ta nuna wani tsohon littafi mai bangon fata, ta ce, "Ladi, wanda ake lallaɓawa haka, asiri ne a ciki. Roƙi warƙa ɗaya a wanke a ba shi ya sha."

Na durƙusa gaban Malam Sule, tafintan Baturen. Ya ce, "Rubutun Nasara za ki ɗura wa ɗan Musulmi?" Amma ya faɗa wa mai littafin.

Baturen bai yi dariya ba. Ya ce ba addu'a ba ce, rubutun kakarsa ne. Ya karanta, Malam yana juyawa da Hausa: shekarar da mayaƙa suka ratsa ƙauyensu suka kwashe hatsi da dawaki, yunwa ta biyo, har aka ci ɓawon itace. Sai ya shiga jero wasu kalmomi a hankali. Malam ya daina juyawa.

Na ce, "Malam, me ya ce?"

"Sunayen 'ya'yanta ne da ta binne. Ta rubuta don kada su ɓace."

Inna ta ce, "Ashe su ma suna binne 'ya'ya."

Baturen ya ba ni wani farin garin magani mai ɗaci, ya nuna yadda zan ba yaron. Sannan ya tambayi sunan yaron. Na sunkuyar da kai. Inna ce ta faɗa.

Allah ya sa da sauran kwana, zazzaɓin ya sauka kafin ayarin ya tashi.

To, ku riƙe kayan baƙo da hannu biyu. Abin da ya fi lallaɓawa, sau da yawa mamatansa ne a ciki. Ni kuwa ranar da suka tafi, na zagaya bayan rumbu inda ba kowa, na sauko da ɗan nan, na kira sunansa a kunnensa. Ya waiwayo.